KASHI NA 31: Raj A Majalisa, Suri A Gida

  Daga nan Rimin Gado nake gaishe ku, ina kuma yi wa manoma sannu da aikin kaka. Mutanen Gulu, Jili, Butu-Butu, Ƙarofin Yashi, da ku na cikin birni, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke bibiyar shirin nan, Allah ya sa albarka a abin da aka girba. Kamar kullum, za a sa rubutaccen shirin a shafi saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauke murya ba.

Sati uku a jere muna kan tsadar taki, da shaye-shaye, da katin zaɓe. Yau kuma fim za mu tattauna. Na san wani zai ce, haba malam, gari ya yi zafi haka, kai kuma fim ɗin Indiya ne ya dame ka? Ka yi haƙuri ka saurara zuwa ƙarshe. Abin da mutane suke so su kalla sau goma ba su gaji ba, yana faɗa maka abin da ke ransu fiye da abin da za su faɗa maka da baki in ka tare su da tambaya.

Abin da ya jawo zancen, a satin da ya wuce na yi tambaya a ƙarshen shiri, na ce wane fim ne ka taɓa maimaitawa har ka haddace shi? Saƙonni sun shigo da yawa. An ambaci Sangaya, an ambaci Wasila, an ambaci Labarina. Amma akwai wani fim ɗin Indiya da ya yi ta dawowa, maza da mata, har da wata baiwar Allah da ta ce 'ya'yanta biyar. Wasu ma ba su riƙe sunansa ba, sai su ce "na Sharukan ɗin nan mai gashin baki da tabarau, wanda ya shiga gasar rawa da matarsa ba ta gane shi ba." Sunan fim ɗin Rab Ne Bana Di Jodi. In za a faɗe shi da Hausa, kusan a ce "Allah ne ya haɗa su." Aditya Chopra ne ya ba da umarni, kamfanin Yash Raj ne ya shirya, ya fito ranar 12 ga Disamba, 2008. Shi ne fim ɗin Anushka Sharma na farko.

Ga waɗanda ba su gani ba, bari in ɗan ba da labarin a gurguje, waɗanda suka gani kuma ku yi haƙuri.

Akwai wani bawan Allah, Surinder, ana ce masa Suri. Ma'aikacin kamfanin wutar lantarki ne a birnin Amritsar da ke jihar Punjab. Mutum ne shiru-shiru, mai kunya, irin wanda in ya shigo taro ba wanda zai ɗaga kai. Ya je bikin 'yar tsohon malaminsa, Taani, yarinya mai fara'a da son rawa. Ana cikin shagali sai labari ya zo cewa ango da 'yan rakiyarsa sun yi hatsarin mota, sun rasu. Uban ya yanke jiki ya faɗi da ciwon zuciya. A kan gadon asibiti ya roƙi Suri ya auri 'yarsa, don kar ya mutu ya bar ta ba kowa. Aka ɗaura. Uban ya cika.

Ta tare a gidansa, ta faɗa masa gaskiya. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta ta zama matar kirki, amma so kam ya mutu a zuciyarta, kar ya sa rai. Shi kuwa tun ranar da ya fara ganinta ya kamu, amma bakinsa ya yi nauyi. Bai matsa mata ba. Ya bar mata ɗakinsa, ya kwashe kayansa ya koma sama. Tana dafa masa abincin tafiya ofis a ɗan kwano, shi kuma wannan kwanon kaɗai ya ishe shi murna.

Rannan sai ta ga sanarwar ajin koyon rawa da za a ƙare da gasa, ana haɗa mutane bibbiyu. Cikin ɗari-ɗari ta nemi izini, ya amince. Sai kuma ya ji yana son ya ga yadda take in tana cikin farin ciki, tunda a gida ba ya gani. Ya tafi wurin abokinsa Bobby mai shagon aski, aka aske gashin baki, aka tayar da gashin kai, aka sa matsattsun kaya masu launi, ya zama wani ɗan iyayi mai surutu da ake kira Raj. Aka yi rabon abokan rawa, ƙuri'a ta haɗa shi da matarsa. Daga nan labari ya ɗau zafi: da yamma Raj ne mai ba ta dariya, da dare Suri ne mai cin abinci shiru kansa a ƙasa. Har ta fara son Raj. Mutum ya wayi gari yana kishi da kansa.

Akwai wurin da Raj ya yi gasar cin wani abin kwalama da ita har cikinsa ya kusa fashewa, ya koma gida a matsayin Suri ya tarar ta dafa shinkafa, dole ya zauna ya cinye. Akwai wurin da ya yi amfani da aikinsa ya kashe wutar gari ya bar wasu fitilu, suka rubuta mata kalmar so a cikin duhu. Mu nan kam in aka ɗauke wuta ba wanda zai ce saƙon soyayya ne, sai dai a tashi neman inda za a yi caji. Akwai kuma wurin da Suri, siriri da shi, ya shiga zagaye ya kama kokawa da ƙaton ɗan kokawar Japan don ya ci mata tikitin tafiya, aka farfasa masa jiki, ita kuma ta hau shi da faɗa tana cewa ya daina ɗora mata alherin da ba za ta iya biya ba.

A ƙarshe ta zaɓi mijinta, ta sallami Raj. Daren gasa, maimakon Raj, sai ga Suri ya hau dandamali da gashin bakinsa da tabaransa. Suna fara taka rawa ta gane. To a nan ne mutane ke share hawaye.

Kafin in shiga abin da nake so in faɗa, ya kamata mu san cewa son irin wannan labarin ba a kanmu aka fara ba, kuma ba mu kaɗai ba ne.

A ƙasashen Turai akwai wata rawa ta mutum biyu, mace da namiji riƙe da juna, suna zagaya babban zaure cikin kwat da doguwar riga. Gasa ake yi sosai, da alƙalai da maki, kamar yadda muke da alƙalan dambe. A garin Blackpool na Ingila tun 1920 ake taron wannan gasa. A 1992 wani darakta ɗan Ostareliya, Baz Luhrmann, ya fitar da Strictly Ballroom, labarin wani saurayi gwanin rawa da manyan ƙungiya suka tsangwama saboda yana sako salon da ba ya cikin ƙa'ida, sai ya haɗa kai da wata yarinya 'yar koyo da kowa ya raina. Fim ne na ƙaramin kuɗi, amma ya zagaya duniya, har BBC ta ari rabin sunansa ta sa wa shirinta na gasar rawa a 2004.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Japan, Shall We Dance, na 1996. Wani magidanci ne akawu, yana da mata da 'ya da gida, amma ransa a bushe. Kullum daga tagar jirgin ƙasa yana hango wata mata a tagar makarantar rawa. Ya shiga ya fara koyo a ɓoye, domin a wurinsu abin kunya ne a ce babban mutum yana wannan. Matarsa ta ga yana dawowa a makare kuma fuskarsa a sake, ta ɗauka wata ce a waje, har ta ɗauki mai bincike ya bi sawunsa. Ku duba fa: miji ya fara fara'a, sai matar ta tsorata, don ba ta saba gani ba. Amurkawa sun sake yin fim ɗin a 2004 da Richard Gere. Ostareliya, Japan, Indiya, Amurka, yare daban, addini daban, amma ciwon iri ɗaya ne: mutum yana da wata walwala a cikinsa, kunya da tsoron bakin mutane sun danne ta.

Shi kansa fim ɗin Sharukan ɗin, ku tuna lokacin da ya fito. Sati biyu kacal bayan harin da aka kai birnin Mumbai a ƙarshen Nuwamba 2008, wanda ya ci rayuka sama da 160. Ana fargabar mutane ba za su fita sinima ba. Suka fita, fim ɗin ya yi kasuwa. Mutumin da ke cikin tashin hankali yana buƙatar abin da zai tuna masa cewa har yanzu akwai alheri. Mu da muka ga abin da ya faru a Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mu kuwa alaƙarmu da fim ɗin Indiya ta girmi iyayen wasunmu. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka riƙa shigo da su gidajen sinima na Kano, irin su Plaza, Orion, Marhaba da El Dorado. Daga baya talabijin ta kai su har tsakar gida, matan da ba sa zuwa sinima su ma suka samu. Ku tambayi iyayenku Mother India na 1957, za ku sha labari. Wani masani Brian Larkin ya zauna a Kano ya yi bincike a kan wannan, ya wallafa a 1997, ya nuna cewa Bahaushe yana ganin rayuwarsa a cikin fim ɗin Indiya: auren da iyaye suka haɗa, biyayya, kunya, talaka da mai kuɗi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, nan kan hanyarmu ta shiga gari, ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda wannan ya shiga littattafan soyayya da finafinan Hausa. Har masu bege an samu waɗanda suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna yabon Manzon Allah da shi, sallallahu alaihi wasallam. Yanzu kuma ga zamanin fassara, kamfanoni irin su Algaita sun sa Sharukan yana Hausa kamar ɗan Fagge. Ka miƙa wa mai tura finafinai memori, a cika maka, ka tafi gona da shi a aljihu.

To yanzu ga tambayata. Cikin dubban finafinan nan, me ya sa wannan ya zauna?

Na sake bin saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki, kusan ba wanda ya ambaci rawar. Ba wanda ya ce salon takun ne ya burge shi. Mata abin da suka fi faɗa shi ne: bai tilasta mata ba, kuma da ta ce tana son abu, ya bar ta. Wata 'yar'uwa ta ce ita ba rawa take so ba, ɗinki take so ta koya, shekara biyu tana roƙo. Wata ta ce an yi alƙawari kafin aure za ta ƙarasa sakandare, aka shiga ɗaki aka shafa wa alƙawarin ruwa. Kun gane? A idon matar Rimin Gado, ajin rawar nan na Taani shi ne keken ɗinki, shi ne Islamiyyar dare, shi ne jarrabawar NECO, shi ne 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli da za ta riƙe kuɗinta a hannunta. Abin da take kallo shi ne namijin da ya ga matarsa tana bushewa kamar shukar da ruwa ya ɗauke wa, ya tambayi kansa me zai dawo da ita, maimakon ya ce ai ci da sha ba ta rasa ba.

Maza kuma, nan ne zancen ya fi daɗi. Yawancinsu cewa suka yi Suri yana ba su tausayi. Wani ya rubuto ya ce, "Wallahi ni ne Suri." Na yarda da kai ɗan'uwa, amma bari in ƙara maka: kai ne Raj ma. Bambancin kawai, Raj ɗinka ba matarka ke ganinsa ba.

Ku zo mu faɗa wa juna gaskiya. Ka je teburin mai shayi bayan isha'i, ko majalisar bakin titi, ko gidan kallon ƙwallo. Ka ga mutum yana ba da labari, yana kwaikwayon murya, yana tafawa, ana dariya har da riƙe ciki. In ƙungiyarsa ta ci ƙwallo har tsalle yake yana juyi, gemu da komai. Sai ƙarfe goma ta yi, ya doshi gida. Tun daga zaure zai fara ɗaure fuska. Ya yi gyaran murya, yara su watse. "Ina abinci?" "Ga shi." "Ruwa fa?" Shi ke nan hirar ta ƙare. Ya jawo waya, ya buɗe fim ɗin da wani yake lallashin matarsa, ya kalla shi kaɗai yana murmushi, ita kuma tana can gefe da tata wayar tana kallon fim ɗin nan dai. Ɗaki ɗaya, fim ɗaya, kowa da kunnensa a toshe.

Me ya kawo haka? Ba mugunta ba ce a mafi yawan lokuta. Haka muka taso muka gani. An koya mana cewa in mace ta ga haƙoranka za ta raina ka. An koya mana tsoron kalma biyu: mijin-ta-ce. Ka ɗaukar wa matarka bokitin ruwa tana da tsohon ciki, gobe a majalisa an sa maka suna. Ka zauna ku ci abinci kwano ɗaya, a ce an shanye ka. Ga kuma zaman gidan gandu, ɗakinka na kallon na mahaifiyarka, ga matan yayye, ga ƙanne, in aka ji dariyarku ta yi yawa da safe sai an yi tsegumi. Kunya abu ce mai kyau, ita ce adonmu, ba na jayayya. Amma kunyar surukai daban, rowar fara'a ga iyali daban. Mun haɗa su a buhu ɗaya mun ɗaure.

Shi ya sa tambayar da fim ɗin nan yake yi ta fi ƙarfin rawa. Me ya sa sai da mutum ya sake kama, ya sake suna, sannan ya iya ba matarsa ta sunna dariya? Kuma shi ya sa ƙarshen yake taɓa zuciya. Da Raj ne ya hau dandamalin nan, da fim ɗin ya zama shirme. Wanda ya hau shi ne ma'aikacin nan mai tabarau, a gaban jama'a, ba ɓoye-ɓoye.

Yanzu bari in juyo ga masu suka, don na san suna nan, kuma suna da hujja.

Na farko za su ce rawa ce ta cakuɗa maza da mata, da riƙe-riƙe, ga wuraren bautarsu ana nunawa. Gaskiya ne. Aƙidarsu daban, tamu daban, kuma ba wanda yake neman a buɗe ajin rawar bibbiyu a Rimin Gado. Ni ma ba zan sa hannu a wannan ba. A Kano an daɗe ana wannan dambarwar. Bayan dawo da shari'a a 2000 aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma har yau a fim ɗin Hausa namiji ba ya taɓa mace. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango kan kundin waƙoƙinsa na Bahaushiya. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa da ta fito da ClassiQ, a shekarar ce kuma aka soke shirin gina alƙaryar finafinai a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai da jama'a sun yi ca. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, duk wannan faɗan a kan abin da ido ke gani ake yinsa. Ƙishirwar da ke sa mutane kallon, ita ba a taɓa zama an tattauna ta ba. Ka toshe rijiya, mai jin ƙishi zai nemi kududdufi, yanzu kuwa kududdufin yana cikin aljihun kowa.

Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, maganin ƙishirwar nan yana cikin addininmu tun kafin a ƙirƙiri kyamara. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake, ya wuce ta. Ya tsaya ta leƙa ta bayansa tana kallon mutanen Habasha suna wasa da masu a masallaci, bai gusa ba sai da ita ta gaji. A gida yana taya iyalinsa aiki. Duk ɗalibin Islamiyya ya san waɗannan. To ina muka samo ɗaure fuskar? In an ce maka mijin-ta-ce don ka yi wasa da iyalinka, ka tambayi mai faɗar wa yake koyi da shi.

Suka ta biyu, wannan daga 'yan mata masu karatu ta fi fitowa: ai yaudararta ya yi. Wata ta ce da ita ce, ranar da ta gane, sai ya yi bayani a gaban manya. Kina da gaskiya 'yar'uwa. Fim ɗin ya wuce wannan wurin da sauri. Mutum ya yi wata da watanni yana gwada matarsa da fuska biyu, a rayuwa ta zahiri wannan ba abin tafi ba ne. Haka kuma auren kansa, an ɗaura shi ne a bakin gadon mai mutuwa, yarinya tana cikin makoki, ba ta da bakin cewa a'a. A fim an yi sa'a mijin mutumin kirki ne. A garuruwanmu sau nawa ake yin wannan sa'ar? Balaraba Ramat Yakubu da sauran marubutanmu mata sun daɗe suna rubuta ɗaya ɓangaren, inda ba a yi sa'ar ba. Saboda haka kar wani uba ya kalli fim ɗin nan ya ce, ka gani, a haɗa su kawai, so zai zo daga baya. So ya zo ne saboda wani ya yi masa noma da ban ruwa, kuma ya yi haƙurin jira.

Samari kuma, ku ma ga naku. Raj ɗin aro ya yi yawa a waje. Hoto a jikin motar wani, shaddar aboki, agogon yaya, a TikTok kai ne ɗan gidan Alhaji. Yarinya ta so Raj, a ɗaura aure, sati biyu ta wayi gari da wani mutum daban, ga bashin lefe ya biyo baya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A fim ɗin ma da aka zo zaɓi, mai kwanon abinci da albashin wata aka zaɓa.

Me ya sa na ɗauki wannan da zafi? Saboda kaka ta yi. Daga yanzu zuwa 'yan watanni, duk Juma'a da Asabar sai an shafa fatiha a garuruwan nan. Za a sayar da gyaɗa da wake da ɗan bijimi a yi kayan ɗaki. Mu kuma mun san nawa ne daga cikin auren bara suka kai bana. Ba sai na kawo lissafi ba, kowa ya ƙirga a layinsu. Gwamnatin Kano tun 2012 take aurar da zawarawa ta hannun Hisbah, a Oktoban 2023 ma an ɗaura na mutum 1,800 da amarensu a lokaci guda. An ba da gado da katifa da sadaki da jari, Allah ya saka. Amma gwamnati ba za ta iya raba fara'a a buhu ba. Talauci yana kashe aure, ba na musu. Sai dai na ga gidan da ake kwana da gari da ƙuli ana dariya, na kuma ga gidan da ake soya kaji ana zaman doya da manja.

Akwai kuma wani abu da muka rasa a matsayin al'umma. Kakanninmu suna da dandali. Bayan girbi ana kalankuwa, 'yan mata na gaɗa, ana kalangu, a gona ana gayya da gangar noma, mata a cikin gida suna kiɗan ƙwarya da shantu. Akwai abin gyara a ciki, shi ya sa malamai suka yi magana, an kuma bar da yawa. To amma da aka rushe, me aka gina a wurin? Yaro ya taso ba filin wasa mai kyau, ba ɗakin karatu, ba wurin da zai huce in ban da bakin titi da waya. Sannan mu zo muna mamakin yadda ƙwaya ta shigo ƙauye. Farin ciki na halal buƙata ce kamar ruwan sha, kuma ya kamata ya shiga cikin abin da muke tambayar masu neman ƙuri'armu.

Ga 'yan Kannywood da ke saurare, ina da roƙo. Tun daga Turmin Danya a 1990 kuka nuna za ku iya ba da labarinmu da bakinmu. Mun ga soyayyar kafin aure har mun haddace furannin lambun. Mun ga kishiya da boka da uwar miji. Ku ba mu labarin mutum da matarsa da suka fara a baƙin juna suka koyi son juna, a gidan ƙasa, da jar tukunya da akuya a tsakar gida. Ba sai an taɓa juna ba, ba sai an je Japan ba. Ku sa ya koya mata karatu, ita ta koya masa lissafin sana'a. Ku sa majalisa ta yi masa dariya, ya daure. Masu kallo suna nan, saƙonnin da ke wayata shaida ne.

Mu kuma aikin gida na wannan satin mai sauƙi ne, ba ya cin ko sisi. Magidanci, labarin nan mafi ban dariya da ka tanada don majalisar yau, ka fara kai shi gida. Ka tambaye ta abu ɗaya da take so ta koya, ka saurara har ta gama, ko da ba ka da halin yi yanzu. In ma fim ɗin za ku kalla, ku cire abin kunnen, ku jingina waya ɗaya a jikin filo. Uwargida da amarya, in ya gwada, don Allah kar a ce "yau kuma lafiya?" Mutumin da ya shekara goma bai yi ba, karon farko sai a hankali. Abokai kuma na majalisa, in kun ga ɗayanku ya tashi da wuri, ku bar shi ya tafi, ku riƙe sunan da kuka tanada.

Tambayar sati mai zuwa: a gidan da ka taso, ka taɓa ganin mahaifinka yana dariya da mahaifiyarka? Me ka ji a ranka a lokacin? Ku turo da murya ko a rubuce, ba za mu faɗi sunan kowa ba. Sati mai zuwa kuma in Allah ya kai mu za mu koma kan farashin amfanin gona da masu saye su ɓoye.

Allah ya ba da zaman lafiya a gidajenmu, ya sa albarka a auren da za a ɗaura a kakar nan.